Ɗan Sanda A Gaban Alƙali: Halin Da Baƙi Ke Ciki A Fatakwal Da Anacha Da Inugu

Duk wanda ya taɓa zama a zangon Hausawa na Fatakwal, ko na Anacha, ko na Inugu, ya san akwai ranar da ba a son zuwanta, watau ranar da za a ce an kama wani ɗan'uwa an kai shi caji ofis, gobe ko jibi za a gurfanar da shi gaban majistare. Daga wannan rana al'amarin mutumin nan ya fita daga hannunsa, ya koma hannun mutum guda, shi ne ɗan sandan da aka ɗora wa binciken maganar. Abin da ya rubuta a takarda, da abin da zai faɗa bayan ya yi rantsuwa, har ma da ko zai halarci kotun ko ba zai halarta ba, su ne za su nuna ko mutum zai koma rumfarsa kafin albasarsa ta ruɓe, ko kuwa zai share shekaru a kurkuku yana jiran shari'a. Saboda haka zancen yadda 'yan sanda ke ba da shaida a kotu, ko da yake ya yi kama da zancen lauyoyi, a zango zancen tuwo da miya ne.

Kamar yadda mai karatu ya sani, ba jiya Hausawa suka isa ƙasar Gabas ba. Tun kafin ƙarni na 19 ya ƙare maharban giwa daga Arewa suka yi zango a Elele, cikin Jihar Ribas ta yanzu, fatake kuma suna gangarowa ta Kogin Kwara zuwa Anacha. Da aka gano kwal a tsaunukan Udi a shekarar 1909, Turawa suka kafa tashar jiragen ruwa a Fatakwal, suka ja layin dogo daga can ya iso Inugu a 1916. Da aka gama gadar Makurɗi a 1932 sai hanya ta buɗe sosai, shanu da wake da busasshen kifi suna gangarowa, manja yana hawa Arewa. Zaman ya yi daɗi har ta kai Malam Umaru Altine, Bafulatani mai cinikin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama Magajin Garin Inugu na farko a cikin shekarun 1950. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya watsa zangunan, amma bayan an yi sulhu jama'a suka koma. Ga su nan a kewayen masallacin Titin Bida da kasuwar Ose a Anacha, ga su a Asata da Gariki a Inugu, ga su a Diobu da Oyigbo a ƙasar Fatakwal, kowane zango da Sarkin Hausawansa.

Wani abin mamaki shi ne, aikin ɗan sanda kansa a Nijeriya da Hausawa ya kafu. A shekarar 1863 John Glover ya tara wasu Hausawa a Ikko ya ba su makamai, daga nan aka sami rundunar da aka yi wa suna da Hausawa a 1879, kafin a haɗa 'yan sandan Kudu da na Arewa su zama ƙungiya ɗaya a 1930. An daɗe Hausa tana harshen bariki. Yau kuwa sai a kai Bahaushe caji ofis a Anacha ya kwana ya wuni bai sami mai jin maganarsa ba.

Me ya sa shaidar ɗan sanda ta fi nauyi a kan baƙo bisa ga ɗan gari? Dalili shi ne baƙo ba shi da shaidu masu zama. Direban da ya kawo kayan ya juya Illela tun ran da aka sauke. Abokin cinikin da ya ga abin da ya faru ya tafi gida noma da faɗuwar ruwan fari, ba zai dawo ba sai kaka. Maƙwabci ɗan gari kuwa, ko ya san gaskiya, ba ya son a gan shi a kotu yana tsaya wa baƙo. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, to a kotu har kurma ne, domin da Turanci ake shari'a, dokar da ake aiki da ita kuma dabam take da ta Arewa wadda ya ɗan saba da ita. In aka tace duka, abin da ya rage a gaban majistare shi ne ɗan sanda da takardunsa.

A ɗauki misalin wani saurayi mai gadi, irin waɗanda ake samu a ƙofar kusan kowane babban shago a garuruwan nan. Ɓarayi sun fasa shagon da dare. Gari na wayewa shi za a fara kamawa, domin shi ne a kusa. A caji ofis ɗan sanda mai bincike ba ya jin Hausa, yaron kuma Turancinsa bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Sai a leƙa bakin titi a kira mai shayi ya yi tafinta. Yaron ya ce, "Na ji motsi, na ɗauka maigida ne." Mai shayi ya juya maganar cikin buroka iyakar ƙoƙarinsa, ɗan sanda ya ji an ambaci ɗauka, ya rubuta cewa yaron ya amsa ya ɗauki kaya. Aka tambaye shi ko ya san wani da aka gani a wurin da yamma, ya ce ɗan'uwansa ne, yana nufin mutumin garinsu ne, aka rubuta cewa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, sai ga zancen haɗin baki ya shigo. Aka karanta masa takardar da Turanci, ya ce "To", irin ta ladabi da Bahaushe ke yi wa na gaba da shi, aka ɗauka ya yarda, ya dangwala babban yatsa. Babu wanda ya yi niyyar ƙarya a cikin su ukun, amma ga takarda ta fito wadda za ta iya ɗaure mutum shekaru.

Bayan watanni sai a kira ƙarar. Ɗan sanda ya shiga akwatin shaida, ya yi rantsuwa, mai gabatar da ƙara ya bi da shi daki-daki, ya miƙa takardar. In yaron ya yi sa'a yana da lauya, nan ne za a ga ƙarfin shaida ko rauninta. Lauya zai tambaya, da wane harshe wanda ake tuhuma ya yi magana? Wa ya fassara? Ina sunansa a takardar? Ina bayanin da aka rubuta da Hausa? Sau da yawa amsar ita ce shiru, ko kuwa "ban tuna ba". Alhali kuwa doka a nan ba ta da duhu. Tun cikin shekarun 1940 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta kafa ƙa'ida cewa bayanin da aka ɗauka ta bakin tafinta ba ya karɓuwa sai an kira tafintan kansa ya ba da shaida, domin ɗan sandan da ya rubuta bai ji daga bakin mai maganar ba, ji ya yi daga wanda ya ji. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta sake nanata haka a 2012, a wata shari'a wadda bayanin cikinta daga Hausa aka juya shi zuwa Turanci. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 36, ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a sanar da shi laifinsa cikin harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Dokar Tafiyar da Shari'ar Laifuffuka ta Tarayya ta 2015, a sashe na 17, ta ce tafinta ya karanta wa mutum bayaninsa har ya fahimta, sa'an nan ya sa sunansa da adireshinsa da sana'arsa. Jihohin nan uku kowace tana da tata dokar mai kama da wannan, Anambara tun 2010, Ribas a 2015, Inugu a 2017.

To, mai shayi ya daɗe da komawa Tsibiri ko Madawa, ba wanda ya san inda yake. Sai takardar ta faɗi. In yaron ba shi da laifi, ya sha zaman banza na watanni saboda aikin da za a iya gyarawa cikin sa'a guda. In kuwa da hannunsa a satar, ya kuɓuta, mai shago ya yi asara, gobe kuma a ce Hausawa masu gadi ba su da amana. Ta kowace fuska zango ne ke biyan kuɗin sakacin.

Rauni na biyu shi ne dogaro da iƙirari. Bincike na gaskiya aiki ne mai cin lokaci da kuɗi: a je wurin da abin ya faru, a auna, a ɗauki hoto da zanen yatsu, a bi sawun kaya, a nemo wanda ya gani da idonsa. Iƙirari kuwa hanya ce gajera, kuma wanda ya saba da gajeruwar hanya ba ya ƙara bin doguwa. Shi ya sa a kotunan nan ake yawan ganin abin da lauyoyi ke kira shari'a cikin shari'a. Wanda ake tuhuma ya ce dukansa aka yi ya amsa, sai alƙali ya ajiye asalin ƙarar, ya zauna binciken yadda aka sami takardar. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa masu ƙara nauyin tabbatar da cewa ba a sami iƙirarin ta hanyar gallazawa ba, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 kuma ta mai da azabtar da wanda ke tsare babban laifi. Bayan zanga-zangar watan Oktoba na 2020, wadda ta sa aka rushe rundunar SARS, hukumomin bincike da aka kafa a jihohi sun saurari koke-koke masu tayar da hankali a kan abin da ake yi wa mutane a ɗakunan tambaya. Alƙalin da ya ji waɗannan, in ɗan sanda ya tsaya gabansa ya ce da yardar mutum ya yi magana, dole ya nemi abin da zai ƙarfafa zancen.

Maganin wannan an riga an san shi. A Ingila, bayan an yi ta samun mutanen da aka ɗaure bisa iƙirarin da aka ƙaƙaba masu, kamar mutum shida na Birmingham da aka ɗaure a 1975 aka sake su a 1991, ɗaukar tambayoyin 'yan sanda a faifai ya zama ƙa'ida a ƙarƙashin wata doka ta 1984. A Nijeriya ma dokar 2015 ta yi tanadin a ɗauki iƙirari a bidiyo, a kuma yi shi gaban lauya ko wani amintacce, kuma a 2023 Kotun Ƙoli, a wata ƙara daga Ikko, ta nuna cewa irin wannan tanadi wajibi ne a bi shi. Yau da kusan kowane kurtu ke da wayar da ke ɗaukar hoto a aljihunsa, uzurin rashin kayan aiki ya yi rauni. Bidiyo kuwa kariya ce ga ɗan sanda mai gaskiya kafin ta zama kariya ga wanda ake tuhuma, domin ranar da aka yi masa ƙazafin duka, ga abin da zai nuna.

Rauni na uku ya fi sauran cin rai, ko da yake ba a cika maganarsa ba, watau rashin zuwa kotu. A kira ƙara, mai gabatarwa ya miƙe ya ce shaidarsa an yi masa canjin wurin aiki zuwa Damaturu, ko an tura shi aikin zaɓe, ko yana kwas. A ɗage zuwa wata biyu. Ranar ta zo, wata hujjar ta fito. Sashe na 49 na Dokar Shaida ya ba da damar a karɓi rubutaccen bayanin mai bincike in zuwansa ya gagara, amma sai ɓangaren wanda ake tuhuma bai ƙi ba, kotu kuma ta yarda, kuma lauya mai hankali ba ya barin a karɓi takardar da ba zai iya yi wa tambaya ba. Daɗin daɗawa, ƙone-ƙonen caji ofis da aka yi a 2020 da 2021, har da na Oyigbo, sun tafi da fayiloli da kayan shaida, zaman gida na ranar Litinin da aka fara a ƙasar Ibo a watan Agusta na 2021 kuma ya cinye ranakun zaman kotu masu yawa. Sakamakon haka yana nan a gidajen kurkuku, inda wajen kashi biyu cikin uku na mazauna ba a yanke masu hukunci ba. Kurkukun Fatakwal, wanda aka gina a 1918 domin mutum 804, ya taɓa ɗaukar fiye da 3,000. Baƙo shi ya fi daɗewa a ciki, domin ko an ba da belinsa, sharaɗin mai tsaya masa ya zama mai gida ko fili a garin yakan fi ƙarfin zango.

Kada mai karatu ya zaci Bahaushe kullum shi ne a akwatin tuhuma. Sau da yawa shi ne mai ƙara, kuma a nan ne ya fi bukatar ɗan sanda mai iya shaida. A watan Fabrairu na 2006, bayan rikicin Maiduguri, an kashe 'yan Arewa da dama a Anacha, dubbai suka tsallake gada zuwa Asaba ko suka fake a barikin soja. A watan Mayu na 2022 aka harbe wata mata mai juna biyu, 'yar asalin Adamawa, tare da 'ya'yanta huɗu a Jihar Anambara. A ƙarshen watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Jihar Ribas zuwa Kano domin Sallah. A irin waɗannan al'amura waɗanda suka tsira sukan koma gida ba su ƙara waiwayowa, 'yan gari kuma su kame bakinsu. In za a hukunta wani, sai da abin da ɗan sanda ya tattara a kwanakin farko, ya kuma iya tsayawa a kansa gaban lauyoyi. Inda hakan ta gagara, sai mutane su fid da rai daga kotu, kuma wanda ya fid da rai daga kotu shi ne ke kai fushinsa kan wani baƙon da bai san hawa ba bai san sauka ba, a Sabon Garin Kano ko a Kan Gadar Anacha.

Ciwon kuwa bai san ƙabila ba. A watan Yuni na 2005 'yan sanda suka harbe wasu matasa shida a Abuja, biyar daga cikinsu 'yan kasuwa ne Ibo na unguwar Apo, aka ce 'yan fashi ne. Da aka kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Olasumbo Goodluck, wasu 'yan sanda ne da bakinsu suka warware labarin da aka shirya. Sai a watan Maris na 2017 Babbar Kotun Abuja, a ƙarƙashin Mai Shari'a Ishaq Bello, ta yanke wa biyu hukuncin kisa ta sallami uku. Wannan shari'a ta nuna fuskoki biyu na al'amarin: shaidar ɗan sanda na iya binne gaskiya, ita ce kuma ke iya tono ta.

Adalci ne a faɗi cewa akwai 'yan sanda da ke burge kotu. Ana gane su tun daga shigowarsu. Suna riƙe da ɗan littafin aljihu wanda suka rubuta kwanan wata da sa'a a ciki tun ranar da abin ya faru, doka kuma ta yarda su duba shi domin tuni. Suna rarrabe abin da suka gani da abin da aka gaya masu, domin sun san gani ya kori ji. In lauya ya tambaye su abin da ba su sani ba, sai su ce ba su sani ba, ba su ƙaga amsa. In akwai abin da zai taimaki wanda ake tuhuma, kamar cewa ya faɗa masu yana wani gari a daren kuma sun je sun tabbatar, ba su ɓoye shi. Irin waɗannan ba a iya girgiza su, domin ramin ƙarya ne ƙurarre. Adalci ne kuma a faɗi cewa mai bincike sau da yawa da kuɗin aljihunsa yake sayen takarda da biro, da shi yake hawa mota zuwa kotu, ga fayiloli sun yi masa yawa, ga ba wanda zai ƙara masa igiya domin ya yi shaida mai kyau. Wanda aka bari cikin wannan hali, in ya miƙa hannu ga mai ƙara domin kuɗin mota, ya riga ya zama shaidar ɓangare ɗaya tun kafin ya yi rantsuwa.

Bahaushen da ya tashi yana ganin shari'ar alƙali a gida ya san cewa ba a karɓar shaidar mutum sai an san adalcinsa, har akan nemi waɗanda za su tsarkake shi, sa'an nan a ba wanda aka yi shaidar a kansa damar suka. A kotun majistare kayan sarki ne ke tsayawa a matsayin wannan tsarkakewa. Kowace shaidar zur da aka kama, kowace takarda da ta faɗi, tana rage darajar kayan a idon alƙali, har ta shafi ɗan sandan kirki da zai shigo gobe.

Abin da ya kamata a yi ba shi da tsada ƙwarai. Ga Kwalejin 'Yan Sanda a Oji River, ga Kwalejin Koyon Bincike a Inugu, ga Makarantar Wudil a Jihar Kano: ya kyautu a ba darasin ba da shaida muhimmanci a cikinsu, a riƙa shirya kotun gwaji inda lauya na gaske zai yi wa ɗalibi tambayoyi har gumi ya keto masa. Ya kyautu Kwamishinonin 'Yan Sanda na jihohin nan su ajiye mai jin Hausa a kowane caji ofis da ke kusa da zango ko kasuwar shanu, kuma kada a saki mai bincike zuwa sabon wurin aiki sai an tsara yadda zai dawo ya ƙarasa shari'o'insa da kuɗin hukuma. Majistarori kuma su riƙe ziyarar wata-wata zuwa ɗakunan tsare mutane, wadda dokar 2015 ta tanada, da hannu biyu.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su ma da nasu aikin. Maimakon a jira sai an kama mutum a shiga karo-karo cikin dare, gara kowane zango ya zaɓi mutum biyu ko uku masu ilmi, mazauna dindindin, a kai sunayensu caji ofis da kotu a matsayin tafintoci, waɗanda in an neme su bayan shekara za a same su. A san ofishin Hukumar Ba da Taimakon Lauya, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa hali. A kuma riƙa gaya wa kowane yaro da ya sauka daga mota da jakarsa cewa yana da ikon ya yi shiru har sai ya ga lauya ko wani nasa, kada kuma ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da Hausa ba. Rigakafi ya fi magani.

An ce ɗan sanda abokin kowa ne. Wurin da ake gwada abotar nan shi ne ɗan akwatin katakon da ke gefen alƙali, inda mutumin da ya baro garinsu da nisan kwana biyu a mota yake tsaye yana kallon bakin wani, ba ya jin abin da ake faɗa a kansa. Allah ya ba masu wannan aiki ikon faɗin abin da suka gani, ya kuma mai da matafiya gidajensu lafiya.